Kamfaninmu na zuba kuɗi a siyasa amma ya hana mu zancenta: doka ta yarda da haka?

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah da ke aiki a wani babban kamfani mai zaman kansa a Amurka. Ta ce an raba musu takarda cewa daga yanzu ba a yarda kowa ya yi zancen siyasa a ofis ko a zaurukan hira na kamfanin ba, kuma wanda ya saɓa zai iya rasa aikinsa. Ba a jima ba sai ta gano cewa kamfanin yana da asusun da yake tallafa wa 'yan takara da shi, har ma yana biyan masu yi masa kamun ƙafa a majalisa. Tana son ta san ko doka ta yarda da haka, kuma ko akwai abin da ya rage mata.

Malama, amsar a gajarce ba za ta yi miki daɗi ba: a mafi yawan jihohin Amurka doka ta yarda da duka biyun. Kamfani na iya kashe kuɗi a siyasa, kuma yana iya hana ki zancen siyasa a lokacin aiki. Sai dai haramcin yana da iyaka, kuma yawancin takardun da ake raba wa ma'aikata sukan wuce wannan iyakar, ko dai a rubuce ko wajen aiwatarwa. A nan ne kike da abin riƙewa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa gyara na farko a kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, yana kare su a wurin aiki. Ba haka ba ne. Gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai taɓa mai kamfani ba. Ga kuma tsarin ɗaukar aiki na ƙasar: a kowace jiha in ban da Montana, asalin ƙa'ida shi ne mai aiki na iya sallamar ma'aikaci a duk lokacin da ya ga dama, da dalili ko babu, muddin dalilin ba ya cikin waɗanda doka ta haramta, irin su launin fata, addini, jinsi ko asalin ƙasa. Ra'ayin siyasa ba ya cikin wannan jeri a dokar tarayya. Shi ya sa a 2004 aka kori wata mata a Alabama saboda takardar goyon bayan ɗan takarar shugaban ƙasa John Kerry da ta manna a bayan motarta, a 2017 kuma wani kamfani a Virginia ya raba wata da aikinta bayan hotonta ya bazu tana yi wa ayarin motocin Donald Trump alamar zagi da yatsa, alhali ranar hutu ce kuma tana kan kekenta.

Abin da ke ci mini rai a wannan lamari shi ne, wannan gyara na farko da bai kare ki daga kamfani ba, shi ne ya kare kamfanin daga gwamnati. Tun 1907, zamanin Theodore Roosevelt, dokar Tillman ta hana kamfanoni ba wa 'yan takarar tarayya kuɗi daga baitulmalinsu, kuma har gobe wannan haramcin yana nan. A 1947 dokar Taft-Hartley ta faɗaɗa shi zuwa kuɗin da kamfani ko ƙungiyar ƙwadago za su kashe da kansu don tallata ɗan takara. Wannan ɓangare na biyu ne Kotun Ƙoli ta rushe ranar 21 ga Janairu, 2010, a shari'ar Citizens United, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Kotun ta ce kashe kuɗi don bayyana ra'ayin siyasa magana ce, kuma ba a hana mai magana don kawai shi kamfani ne. Watanni biyu bayan haka wata kotun ɗaukaka ƙara a Washington, a shari'ar SpeechNow, ta buɗe ƙofar abin da ake kira Super PAC, wato kwamitin da zai karɓi kuɗi ba iyaka muddin bai haɗa baki da ɗan takara ba.

Asusun da kika gano a kamfaninku, ga dukkan alamu, PAC ne na gargajiya, wato kwamitin tara wa 'yan takara kuɗi wanda doka ta sa wa iyaka, kuma shi ne mafi tsafta a cikin hanyoyin. Kuɗin cikinsa ba na kamfani ba ne. Manyan ma'aikata da masu hannun jari ne suke zubawa daga aljihunsu, kowa bai wuce dala 5,000 a shekara ba, shi kuma asusun ba ya ba ɗan takara fiye da dala 5,000 a kowane zaɓe. Kamfani yana biyan kuɗin tafiyar da shi ne kawai, shugabanninsa kuma su zaɓi wanda za a ba. Duk abin da ya shiga ya fita ana kai rahotonsa ga hukumar zaɓe ta tarayya, FEC, kuma kowa na iya dubawa a shafinta na intanet. Ki rubuta sunan kamfaninku a can, za ki ga wanda aka ba, da nawa, da ranar. Doka ta kuma hana a tilasta wa ma'aikaci ya zuba ta hanyar yi masa barazana da aikinsa, kuma laifi ne babba kamfani ya ce ki ba da gudummawa da sunanki sannan ya mayar miki ta bayan fage.

Inda duhun yake shi ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin da aka yi wa rajista a matsayin masu hidimar jama'a. Kamfani ya biya kuɗin zama mamba ko ya ba da kyauta, ƙungiyar ta sayi tallan siyasa da sunanta, kuma ba dole ne ta faɗi wanda ya ba ta ba. Kamfanoni sun koyi darasi tun a 2010, lokacin da kamfanin manyan kantuna na Target ya ba wata ƙungiya a Minnesota dala 150,000 don tallata ɗan takarar gwamna Tom Emmer, abin ya fito fili, masu saye suka ƙaurace, shugaban kamfanin ya nemi gafarar ma'aikatansa. Darasin da da yawa suka ɗauka shi ne a ci gaba da bayarwa, amma ta inda suna ba zai fito ba.

Adalci ya sa in ƙara da wannan: mafi yawan manyan kuɗin da ke shiga Super PAC na attajirai ne daga dukiyarsu, ba daga asusun kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ba. Sama da dala miliyan 250 da Elon Musk ya kashe a zaɓen 2024 nasa ne, ba na Tesla ba. Kamfanoni sun fi zuba ƙarfinsu a kamun ƙafa, wanda a matakin tarayya kaɗai ya haura dala biliyan 4 a shekara a 2023 da 2024. Wanda ya zura wa tallan zaɓe ido ya manta da kamun ƙafa, ya bar babban ɓangaren bai gani ba.

Yanzu ga takardar da aka raba muku. Wannan salo ya samu karɓuwa ne daga 2020. A watan Satumban shekarar, Brian Armstrong, shugaban Coinbase, kamfanin hada-hadar kuɗin intanet na kirifto, ya sanar cewa kamfaninsa zai tsaya ga aikin da aka kafa shi dominsa, ba zai shiga muhawarar al'umma ba, wanda bai gamsu ba kuma ga kuɗin sallama. Kusan mutum 60 suka karɓa suka tafi, wato kashi 5 cikin ɗari na ma'aikatan. A Afrilun 2021 kamfanin manhaja na Basecamp ya hana zancen siyasa a zauren aikinsa, kusan kashi ɗaya bisa uku na ma'aikatansa suka ajiye aiki. A ƙarshen 2022 Meta ya hana tattauna zubar da ciki da mallakar bindiga a dandalin ma'aikatansa. A Afrilun 2024 Google ya kori mutum 28 bayan zaman dirshan da aka yi a ofisoshinsa na New York da Sunnyvale kan kwangilar Nimbus, ta dala biliyan 1.2, wadda shi da Amazon suke yi wa gwamnatin Isra'ila, daga baya adadin ya kai kusan 50. Shugaban kamfanin, Sundar Pichai, ya rubuta wa ma'aikata cewa wurin na kasuwanci ne, ba fagen muhawarar siyasa ba.

Ki dubi Coinbase da kyau, domin a nan abin ya fi fitowa sarari. Shekara huɗu bayan sanarwar nan, kamfanin ya zama cikin manyan masu zuba kuɗi a Fairshake, Super PAC na masu harkar kirifto. A watan Yunin 2024 kaɗai ya ƙara dala miliyan 25. Wani reshe na wannan kwamiti ya kashe kusan dala miliyan 40 a Ohio don mara wa Bernie Moreno baya a kan Sanata Sherrod Brown, shugaban kwamitin harkokin banki na majalisar dattawa a lokacin, kuma Brown ya faɗi. Mai gani daga nesa zai ce mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Shi kuwa Armstrong yana da amsarsa, domin tun a sanarwar 2020 ya ce idan doka ta shafi kirifto za su sa baki, tunda aikinsu ne.

Na ɗauki wannan amsa da muhimmanci, kuma a cikinta matsalar take. Sanatan da aka taimaka ya ci zaɓe saboda kirifto ba a kan kirifto kaɗai zai jefa ƙuri'a ba. Zai jefa a kan alƙalan Kotun Ƙoli, da inshorar lafiya, da shige da fice, da mafi ƙarancin albashi, da yaƙi. Ma'aikaciyar da guminta ya samar da ribar da aka kashe, wadda wataƙila takardar zamanta a ƙasar ta rataya a kan ɗaya daga cikin waɗannan ƙuri'u, an gaya mata cewa zancen shige da fice siyasa ne, kada ta kawo shi ofis. Shugaban kamfani ne ke yanke abin da za a kira "maslahar kasuwanci" da abin da za a kira "siyasa", kuma nasa kullum a rukunin farko yake faɗawa. A ganina haramcin bai fitar da siyasa daga kamfani ba. Tattara ta ya yi a ofishin mutum ɗaya ko biyu.

Ba na cewa duk mai kafa irin wannan doka mugu ne. Duk wanda ya taɓa shiga tsakanin ma'aikata biyu da gardamar zaɓe ta raba ya san ɓarnar da take yi. Zaure ne na aika saƙon aiki, wani ya jefa hoton barkwanci a kan ɗan takara, wani ya mayar da martani, kafin azahar an yi saƙo ɗari, biyu sun daina gaisawa, ƙaramin ma'aikaci kuma ya yi gum don ya ga ra'ayin ogansa ya saɓa da nasa. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta ɗora wa kamfani alhakin hana cin zarafi saboda addini ko launin fata, kuma gardamar siyasa takan gangara can cikin sauƙi. Ma'aikacin da yake son ya yi aikinsa ya koma gida ba tare da an tambaye shi wanda zai zaɓa ba, shi ma yana da haƙƙi. Don haka dokar da ta ce a bar kamfe a lokacin aiki, kada a yi amfani da kayan kamfani wajen tara wa ɗan takara kuɗi, kuma ta hau kan kowa ba sani ba sabo, ban ga laifinta ba. Ma'aikatan gwamnatin tarayya ma suna ƙarƙashin makamanciyarta tun 1939, wato dokar Hatch.

Sharaɗin shi ne ta hau kan kowa, har da na sama. Tarihin 2012 ya nuna abin da ke faruwa idan ba haka ba. A watan Agustan shekarar, Mitt Romney, wanda ke takarar shugaban ƙasa da Obama, ya yi gangami a wata mahaƙar kwal ta Murray Energy a Beallsville, jihar Ohio, mahaƙa suka jeru a bayansa da hulunan aiki, hoton ya shiga tallan kamfe. Daga baya wasunsu suka koka cewa an ce musu halarta wajibi ne, kuma an rufe mahaƙar ranar ba a biya su ba. Kamfanin ya ce bai tilasta wa kowa ba. A watan Oktoba David Siegel, mai kamfanin wuraren shaƙatawa na Westgate Resorts, ya aika wa dubban ma'aikatansa wasiƙa cewa idan Obama ya zarce ya ƙara haraji, zai rage ma'aikata. Bai ce a zaɓi wane ba, amma wanda ke jiran albashin ƙarshen wata ya gane karatun. Tsoratar da mai zaɓe laifi ne a dokar tarayya, sai dai "bayyana wa ma'aikata illar da wata manufa za ta yi wa kamfani" ba a ɗauke shi tsoratarwa ba, kuma tun bayan Citizens United kamfani na iya gaya wa dukkan ma'aikatansa ɗan takarar da yake so.

To ina iyakar da na ambata? Babbar garkuwarki ita ce sashe na 7 na dokar hulɗar ƙwadago ta ƙasa ta 1935. Ta ba ma'aikata 'yancin haɗa kai don taimakon juna da kare kansu, kuma ba sai kuna da ƙungiyar ƙwadago ba. Idan ku biyu ko fiye kuna zancen albashi, sa'o'in aiki, tsaron lafiya ko wariya a wurin aiki, ba a isa a hukunta ku ba, ko da zancen ya taɓa siyasa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1978 a shari'ar Eastex. Ma'aikatan wata masana'antar takarda a Texas sun so raba takardar da ke sukar shugaban ƙasa kan ƙin sa hannu a dokar ƙarin mafi ƙarancin albashi, tana kuma kiran su yi rajistar zaɓe. Kamfanin ya hana, ya ce siyasa ce. Kotu ta ce batun ya shafi rayuwarsu a matsayin ma'aikata, don haka suna da damar rabawa a lokacin hutu a wuraren da ba na aiki ba. Takardar da ta ce "ba zancen siyasa ko kaɗan" ba tare da ta ware wannan ba, tana da rauni a gaban hukumar hulɗar ƙwadago, NLRB.

Garkuwar tana da ɓaraka, kuma gara ki sani. Ba ta rufe manajoji da masu kula da wasu ma'aikata ba, haka ma 'yan kwangila. Ba ta kare tallan ɗan takara zalla wanda ba shi da alaƙa da aiki. Ba ta kare mamaye ofis ko hana aiki gudana. Sannan fassarar hukumar tana sauyawa da sauyin gwamnati, domin shugaban ƙasa ne ke naɗa mambobinta. Wa'adin kai ƙara gare ta wata shida ne daga ranar da abin ya faru, kuma ba sai da lauya ba.

Garkuwa ta biyu ta dogara da jihar da kike. California, tun 1937, ta hana kamfani kafa dokar da za ta hana ma'aikata shiga siyasa ko tsayawa takara, ta kuma hana a yi amfani da barazanar kora don juya ra'ayinsu. New York ta kare abin da kika yi bayan tashi daga aiki, a wajen harabar kamfani, ba da kayansa ba, kamar tsayawa takara, yi wa wani kamfe ko tara masa gudummawa. Connecticut ta miƙa wa ma'aikatan kamfanoni wani ɓangare na 'yancin magana, muddin bai kawo cikas ga aiki ba. Birnin Washington ya sa jam'iyyar mutum cikin abubuwan da ba a nuna wariya a kansu. Jihohi irin su Oregon, Connecticut, Minnesota da New York sun hana a hukunta wanda ya ƙi halartar taron da kamfani ya kira don cusa ra'ayinsa na siyasa ko addini. A jihohi da dama kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai wani rashin daidaito da ba a cika faɗa ba. Tun shari'ar Beck ta 1988, ma'aikacin da ba mamban ƙungiyar ƙwadago ba amma yake biyan ta kuɗin wakilci yana da ikon cewa kada a taɓa kuɗinsa wajen siyasa. Mai hannun jari ba shi da irin wannan iko a kan kamfani, balle ma'aikaci. Mai shari'a Anthony Kennedy, wanda ya rubuta hukuncin Citizens United, ya dogara ne da cewa masu hannun jari za su ga abin da ake kashewa su ja wa shugabanni birki. Amma ta yaya za su ja birki a kan abin da ba a nuna musu ba? A 2011 wasu malaman shari'a suka nemi hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ta wajabta wa kamfanoni bayyana kuɗin siyasarsu, sama da mutum miliyan ɗaya suka aika da ra'ayinsu, amma daga ƙarshen 2015 majalisa ta riƙa cusa sharaɗi a dokar kasafin kuɗi da ke hana hukumar kammala wannan ƙa'ida. A Birtaniya sai masu hannun jari sun amince da ƙuri'a kafin kamfani ya ba da gudummawar siyasa da ta haura fam 5,000 a shekara. Faransa ta hana kamfanoni ba da ita gaba ɗaya tun 1995, kotun ƙolin Brazil ta yi haka a 2015.

Kada ki dogara da alƙawarin kamfani shi kaɗai. Bayan harin da magoya bayan Trump suka kai ginin majalisar dokokin Amurka ranar 6 ga Janairu, 2021, manyan kamfanoni da dama sun ce sun dakatar da ba wa 'yan majalisa 147 da suka ƙi amincewa da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 2020 gudummawa, amma kafin zaɓen 2022 da yawansu sun koma bayarwa ba tare da sanarwa ba. Abin da aka rubuta a rahoton FEC shi ne abin dubawa.

Ga abin da zan ba ki shawara. Ki ajiye kwafin takardar a wajen kwamfutar kamfani, ki karanta ta da natsuwa: shin ta tsaya ga lokacin aiki da kayan aiki, ko ta bi ki har gida da shafukanki na sada zumunta? Shin ta ware zancen albashi da yanayin aiki? Ki lura ko ana aiwatar da ita a kan ɓangare ɗaya ana kau da kai ga ɗayan, ki riƙa rubuta rana da abin da ya faru. Kada ki yi harkar siyasarki da imel ko wayar kamfani, domin suna da ikon dubawa. Idan za ki ɗaga maganar, kada ki tafi ke kaɗai, ku je ku biyu ko uku, a rubuce, ku ɗaure buƙatarku da yanayin aikinku, domin haɗin kan ne ke jawo kariyar sashe na 7. Ku nemi abu takamaimai: a fayyace abin da haramcin bai shafa ba, kuma kamfani ya riƙa wallafa duk abin da ya kashe a siyasa, har da kuɗin da yake ba ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Manyan kamfanoni da yawa suna wallafa irin wannan rahoto da kansu, don haka ba baƙon abu kuke nema ba. Idan kina da hannun jarin kamfanin, ko da ta tsarin rabon da ake yi wa ma'aikata ne, ki duba takardar babban taron shekara, domin a can ake kaɗa ƙuri'a kan ƙudurorin bayyana kuɗin siyasa. Idan kuma har an kira ki an miƙo miki takardar gargaɗi ko ta sallama, ki nemi a ba ki lokaci, kada ki sa hannu sai lauyan ƙwadago na jiharku ya gani.